Ranar da Inna Ta Kama Hannuna

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina karatun ungozoma, ba zan manta wani hutu da na je gida Madachi ba.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ko "waccan", kuma ba ta haɗa ido da ni. A lokacin an koya mana yadda mace za ta duba nononta da kanta duk wata saboda ciwon daji. Mu dai ɗalibai haddacewa muka yi don jarrabawa, ba mai duba kanta. Wata kunya ce ta hana ta, wata tsoron abin da za ta tarar, wata kuma ta ce ciwon tsofaffi ne.

Da la'asar matan maƙwabta suka shigo ɓarar gyaɗa. Ni kuwa da rawar kan sabon ilimi na hau yi musu bayani, ina ɗaga hannu ina nunawa a kan riga. Suka yi ta dariya, ɗaya ta ce, "Oh ni, boko ya cire wa yarinyar nan kunya!" Inna ta juya mana baya tana tankaɗe. Na ɗauka haushina take ji.

Washegari da hantsi ina shara, ta tsaya a bakin ɗakinta tana kallon katanga.

"Ke. Abin nan da aka faɗa jiya, in mutum ya ji kamar ƙwayar gyaɗa, ba ciwo, shi ma?"

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na bi ta ciki, na rasa ta inda zan fara. Ita ce ta kamo hannuna, ta kawar da kai, ta ɗora a wurin. Yana nan, mai tauri. Tun yaye rabona da jikinta. Na ji tsoro, na ji tausayinta, har hawaye ya zubo min.

"To kukan na mene ne? Ba aikinki ba ne?" in ji ta.

Muka kai ta asibitin Rano, aka tura mu Kano, aka cire ƙullutun. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da labarin ya sha bamban. Yau Inna na goyon jikokinta.

Tun daga nan wata bai taɓa wuce ni ban duba kaina ba. Na koyi cewa kunya ado ce, amma ba ta kai rai ba. In har Inna ta iya ajiye tata a gabana, ni ba ni da hujja.