Motar Baba Ta Sha Ruwan Buta

Jama'a, yau a gabana aka shayar da mota ruwan buta, kuma ta warke!

Kun san tsohuwar motar marigayi Baba. Tun bara take tari, ko Ajingi ba ta kaiwa lafiya. Yaya Musa ya dage a sayar wa 'yan gwangwan. Da safe na kira Sabo bakanike gida. Ya kwance fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya!

Ya ce, "Hayaƙi ne ya daskare a ciki. Miƙo min butar can."

Na ce, "Alwala za ka yi?"

Ya ce, "Motar ce za ta sha."

Da inji ya yi zafi, ya ce in taka totur kar in saki. Ya riƙa ɗiga ruwa a kafireto, inda inji ke shaƙar iska, ɗis-ɗis. Wai tururin ne ke ɓamɓare baƙin, amma in hannu ya zarce, inji ya tafi ke nan.

Kai! Hayaƙi ya turnuƙe layinmu. Maƙwabcinmu ya fito da bokiti yana ihun gobara!

Can hayaƙi ya washe, inji ya koma sumul.

Sai ga Inna a bakin zaure, hannunta duk gari. Ta tsaya tana saurare.

Ta ce, "Haka take kuka idan babanku ya dawo daga kasuwar Gaya. Wallahi har na miƙe zan kai masa ruwa."

Yaya Musa da ke tsaye a gefe ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sabo, duba mata birki ma."