Bajo Mai Maɓalli

A farkon shekarun mulkin kai ina ɗinki a bakin kasuwar Makarfi. Wata rana hedimastan firamarenmu ya kawo mini aikin rigunan makaranta, da bajon da za a ɗinka a ƙirjin kowace riga. Akwai rubutun boko a jikin bajon. Na yi firamare, amma ban gane kalma ko ɗaya ba.

Na ce, "Malam, wannan Turanci ne?"

Ya ce, "Latin ne. Ma'anarsa, tsakiya ta fi aminci. Ka ga wannan kalmar mai nufin tsakiya? Danginta ne midil, makarantar da na yi, da midiyam da kuke faɗa a awon riga. Har wani zamani Turawa suka yi da suke kira na tsakiya, lokacin da Latin malamansu ke rubutu."

"Su wa ke jin sa yanzu?"

"Ba kowa. Ya mutu."

Daga nan hankalina ya tashi. Yaran nan za su yi azahar da maganar matattu a ƙirjinsu, kuma mutum ɗaya ne shaidar fassararta. In sallarsu ta ɓaci, alhakin zarena ne.

Na hau keke na tafi Hunkuyi wurin limamin da ya karantar da mahaifina, na kwashe duka na faɗa masa.

Ya ce, "Zamanin tsakiyar nan, tsakiyar me?"

"Allah gafarta Malam, tsakanin da da yanzu."

"Ashe mu ma a ciki muke. Maganar ta zagi wani?"

"An ce mini a'a."

"To, ɗinka."

"In kuma ba haka take ba?"

"To, kada ka ɗinka." Ya ɓare goronsa.

Da na dawo sai na sa wa kowane bajo maɓalli, yaro ya cire in zai yi salla, ya mayar in ya idar.

Kafin a yanke dawa yawancin bajon sun ɓace. Wasu a rafi, ɗaya an ce akuya ce ta cinye. Hedimasta ya zo ya tsaya a kaina.

"Kai tela ne ko alƙali?"

Ya kwashe aikin ya kai Ikara, wurin wani tela da ya ɗinke bajon gam, layi biyu, bai tambayi kowa ba.

Mutane suka ce ai yanzu na huta, ba zarena ba ne. Haka ne. Sai dai ni na jawo aka kai wa wanda ba ya tambaya, kuma liman ya rasu kafin in koma in ji hukuncin wannan.