Anti Agwada da Gwangwanin Alawa

Ƙarfe takwas saura kwata take hawa benen, hannu ɗaya a kan ƙarfen matattakala, ɗaya riƙe da jakar da maɗaurinta ya sha ɗinki. Ɗakin da ƙungiyar iyayen yara masu sikila ta ara a saman wani kantin magani ba wani ɗaki ba ne: tebur ɗaya, kujerun roba huɗu, fanka mai ƙara, da kwamfutar da rabin haruffanta suka goge saboda bugu. Kafin ta ɗora ruwan shayi sai ta kunna kwamfutar ta gaida ma'aikatanta.

Ma'aikatan nan ba mutane ba ne. Ƙananan manhajoji ne da ake ɗora wa shafin bulog don su yi masa hidima, kuma shafin ƙungiyar yana da guda tara. Akwai mai gadi, wanda ke tare saƙonnin 'yan damfara da masu tallan maganin ƙarya. Akwai ɗan aike, mai tura sabon rubutu zuwa wayoyin iyaye. Akwai mai rage nauyin hotuna, da mai karanta rubutu da murya saboda kakannin da ba su yi boko ba, da mai ɗaukar kwafin ajiya kowace rana. Ɗaya bayan ɗaya take duba su, ta ga wanda ya yi aikinsa da wanda ya yi lalaci. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan, kuma a cikin dubban iyayen da ke buɗe shafin da wuya a sami goma da suka san da ita.

Asalinta mai buga tafireta ce a wani ofis. Da aka kwashe tafiretocin aka kawo kwamfuta, abokan aikinta suka yi ta kuka da zamani, ita kuwa ta ja kujera ta ce a nuna mata inda ake kunnawa. Daga tsohon aikin ta taho da ɗabi'a guda wadda ba ta rabu da ita ba har yau: takardar da ba ta da kwafi, a wurinta ba a buga ta ba.

Sunan Anti Agwada kuwa bakinta ne ya ja mata. Duk wanda ya zo da wata sabuwar manhaja yana zumuɗi, amsarta ɗaya ce, a gwada tukuna. Tana da wani shafi na biyu, tagwayen na gaske, wanda ba mai ganinsa sai ita, kuma duk sabon ma'aikaci sai ya yi kwana bakwai a can kafin ta bar shi ya shiga wurin mutane. A cikin kwanakin za ka gan ta tsaye a kwanar matattakala, inda sabis ya fi rauni a duk ginin, riƙe da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, tana ƙirga daƙiƙoƙin da shafin zai ɗauka kafin ya buɗe. Ta ce uwar da ɗanta ke murƙususu a barandar asibiti irin wannan wayar ce a hannunta, kuma irin wannan sabis ɗin take da shi. In shafin ya wuce ƙirga goma bai buɗe ba, an kori ma'aikaci. Maigidanta, tsohon direba mai son barkwanci, yakan ce shi kansa shekara talatin da huɗu ke nan yana gwaji, har yanzu ba a tabbatar da shi ba.

Ke ce, Anti, kika sa shafin yake buɗewa a wayar da ko mai gyara ya fid da rai da ita. Ke ce kika hana masu sayar da ruwan gora shiga tsakanin uwa da likitan ɗanta. Ba wanda ya taɓa tafa miki a kan haka, domin aikin naki in ya yi kyau ba a ganinsa.

Abin da ya fi daraja a shafin ba rubuce-rubucen saman ba ne, tsokacin da ke ƙasansu ne. Nan iyaye ke tambaya, nan suke amsa wa juna. A cikin masu amsar ba kamar Maman Biyu, wata tela mai 'ya'ya uku, tagwaye da auta, wadda autarta aka haifa da ciwon. Shekara goma ta yi tana amsa wa matan da ba ta taɓa gani ba, da rubutunta marar waƙafi, tana lallashin wannan tana tsawata wa waccan. Bara ta rasu. Autar tata, wadda kowa ke kira Auta, ma'aikaciya ce a wani shagon buga takardu, kuma tun rasuwar ta ɗauki al'adar buɗe shafin lokacin hutun rana ta karanta amsa ɗaya ta mahaifiyarta. Ɗaya tak, don kada su ƙare da wuri. Maman Biyu ba ta bar wasiƙa ba, ba ta bar murya a waya ba. Abin da ta bari ke nan.

Sai kuma Ciyaman, shugaban ƙungiyar. Kada kowa ya ɗauke shi mugu, mutumin kirki ne, ɗansa na fari ya rasu ne a lokacin da bai san ko sunan ciwon ba, kuma tun daga nan ya sha alwashin sai labarin ya kai kunnen kowane uba. Matsalarsa ɗaya, gaggawa. Ya je wani taron bita kan tallata shafuka, ya dawo baki har kunne da sunan wata manhajar tsokaci mai taurari da fuskokin dariya da maɓallan yaɗawa guda goma sha biyu. Anti ta ce a gwada tukuna. Da ta gwada a kwanar matattakala, ta ƙirga har ashirin da shida shafin bai buɗe ba, sai ta ce masa a yi haƙuri da wannan, za ta nemo mai sauƙi. Ciyaman ya ce to, amma to ɗin bai kai zuci ba.

A makon ne aka yi mata aikin ido, aka cire yanar da ta daɗe tana damunta, likita ya ce kada ta kalli allon kwamfuta ko na waya sai bayan wata guda. Ta bar wa Ciyaman kalmar sirri a cikin ambulan, ta ce don lalura ce kawai. Shi kuwa ya ga lalura ta samu. Ya ɗora sabuwar manhajar a shafin gaske, ya ga ta yi kyau a babbar wayarsa, sai ya ce bari ya share tsohuwar don a yi tsafta. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a haɗa da duk bayananta. Ciyaman mutum ne da ba ya son aiki rabi da rabi. Ya danna e.

Tsokacin shekara goma sha ɗaya ya tafi a lokacin da bai kai a kurɓi shayi ba.

Da ya gane abin da ya yi, gumi ya keto masa, amma kunya ta hana shi faɗa. Ya yi ta danne-danne shi kaɗai yana fatan abin zai dawo da kansa, har kwana tara. Abin da bai sani ba shi ne mai ɗaukar kwafin ajiyar nan kwafi bakwai kawai yake riƙewa, kullum sabo ya shigo sai mafi tsufa ya fita. Kafin Ciyaman ya buɗe baki, duk bakwai ɗin na shafin da aka riga aka share ne.

Auta ce ta fasa ƙwan. Kwana tara tana buɗewa tana ganin taurari da fuskokin dariya, ba ta ganin mahaifiyarta, tana cewa ko wayarta ce. A rana ta goma ta tafi gidan Anti da rana tsaka, ta same ta a falo da baƙin tabarau, maigidan yana ɗiga mata magani a ido yana mita wai hannunsa na sitiyari ne ba na asibiti ba. Auta ta gaishe su, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Anti.

"Anti," ta ce, "Mama ta sake rasuwa."

Anti ta sa Auta ta faɗi abin da take gani a shafin dalla-dalla. Da ta gama ji, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tambayi wa ya yi ba, don ta sani. Ta dai ce wa maigidan ya ɗauko mata gwangwanin alawa da ke saman kwaba, ya kuma fito da mota.

Gwangwanin nan ya daɗe yana ba mutane dariya. Duk Litinin ɗin farkon wata, Anti takan sauke shafin gaba ɗaya a filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanan kwamfuta, ta manna masa filasta, ta rubuta kwanan wata da biro, ta kai gida ta jefa a gwangwani. An sha gaya mata wahalar banza take, tunda akwai manhajar da ke yin haka da kanta. Takan ce ma'aikacin nata ne kuma tana yaba masa, amma ba ta taɓa ganin ofishin da aka bar kwafi da asali a durowa ɗaya ba.

Maigidan ne ya riƙe hannunta suka hau benen, yana ƙirga mata matakala. Ciyaman na ciki, ya yi tsuru-tsuru, hularsa a gwiwa. Ya fara ba da haƙuri, ta ce ya bari sai an gama. Ta juya kujerarta ta ba kwamfutar baya saboda umarnin likita, ta ce Auta ta zauna a gaban allon. Daga nan ta shiga faɗa mata abin da za ta yi daga ka, kamar mai karanta takarda: buɗe nan, gangara ƙasa, na uku daga hagu, karanta min abin da ya rubuta kafin ki taɓa. Sau biyu Auta na kuskure, sau biyu Anti na cewa ba komai, koma baya.

Da aka zo ɗora kwafin, Ciyaman ya kasa haƙuri, ya roƙa a zuba shi kai tsaye a shafin gaske tunda mutane na jira.

"A gwada tukuna, Ciyaman," in ji Anti.

Maigidan ya fashe da dariya, Ciyaman ma ya yi, irin dariyar da ke kusa da kuka. Aka zuba a shafin gwaji. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya yi ta jan ciki, fanka na ƙara. Da ya cika, Anti ta ce Auta ta buɗe kowane tsohon rubutu ta karanta mata tsokacin farko da idonta ya faɗa a kai, don a tabbatar haruffan ba su wargaje ba.

Auta ta buɗe wani na shekara huɗu baya, wanda ba ta kai gare shi ba a karatunta na ɗaya-ɗaya. Wata uwa ce ta tambaya ko yaran nan suna girma kuwa. Amsar da ke ƙasa ba waƙafi ko ɗaya. Auta ta fara karantawa da ƙarfi: "'yar uwa share hawayenki tawa autar an ce min ba za ta kai goma ba yau ta cika ashirin da uku tana can tana min rashin ji..." Muryarta ta tsaya a nan. Anti ta miƙa hannu ta baya, ba tare da ta juyo ba, ta laluba har ta kama nata.

Ba duka aka samu ba. Tsokacin mako uku, daga Litinin ɗin da aka ɗauki kwafin zuwa ranar sharewar, ya tafi ke nan, kuma Ciyaman da kansa ya rubuta wa iyaye ya faɗi abin da ya yi, bai ɓoye komai ba. Anti ba ta taɓa goranta masa ba. Da idonta ya warke ta nemo masa maɓallin yaɗawa guda ɗaya marar nauyi, ya yi kwana bakwai ɗinsa a gwaji, ya buɗe a ƙirga shida, aka ɗauke shi aiki. Masu karatu sun ƙaru, kuma duk wanda ya yaba wa Ciyaman sai ya nuna ɗakin sama da yatsa.

Ƙarshen watan nan Anti Agwada za ta ajiye aiki. Gwiwa ta gaji da benen, jikoki kuma sun yi yawa. Ta miƙa wa Auta tsohuwar wayar da gwangwanin, da sharaɗin kada a canza Litinin.

Anti, mun gode. Ke ce mai tsaron maganar da iyaye suka faɗa wa juna a ranakun da ba su da kowa. Allah Ya ƙara wa idonki haske, Ya saka miki da abin da ba mu iya ba. Ku kuma masu riƙe da shafukan mutane, na makaranta ne ko na ƙungiya ko na unguwa, ku yi koyi da ita: ku gwada kafin ku ɗora, ku karanta ɗan akwatin kafin ku danna, ku ajiye kwafi a inda hannunku zai kai. Kuma ku nemi wanda ke yi muku wannan aikin a ɓoye ku gaishe shi tun yana ji.

Makon jiya wata sabuwar uwa, wadda aka gaya wa sakamakon gwajin jaririnta kwana biyu kafin nan, ta yi ta gangarawa cikin tsofaffin rubutu har ta kai ga waccan amsar. Ba ta duba kwanan wata ba. Ta rubuta a ƙasa: "Na gode Mama. Yaya autar taki yanzu?"

Auta ta gani a lokacin hutun rana, tana tsaye a kwanar matattakala da tsagaggiyar wayar a hannu. Ta amsa mata: "Ni ce autar. Na cika ashirin da bakwai."