Gardabu a Bayan Zana

Bayan haihuwar autana mahaifata ta sauko, aka ɗora ni a babbar mota zuwa asibitin babban birni, aka yi mini aiki. Lokotoro ya ce aiki ya yi kyau. Shi ya san abin da ya gani. Abin da ni na sani shi ne, ko tari na yi, ko atishawa, ko dariya, sai fitsari ya kuɓuce mini. Ni kuwa Allah ya yi ni mai dariya, ko kaza ce ta yi tuntuɓe sai na dara. Na dawo Dogon Dutsi na daina zuwa suna, na daina zuwa biki, don ba zan zauna a tabarmar mutane in tashi in bar musu jiƙa ba. Wannan abu ya ci mini rai fiye da wuƙar lokotoro.

Ranar sallama wata Baturiya ma'aikaciyar jinya ta faɗi maganin. Ba ƙwaya ba ce, ba allura ba. Wai in riƙa matse naman ƙasana kamar mai riƙe fitsari, in saki, in sake matsewa, safe da yamma, har naman ya yi ƙarfi. Ba ta jin Hausa, don haka maigidana ta yi wa bayani. Tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙi ya dawo da lambar ƙarfe da Faransancin bariki. Ya saurare ta yana zufa, ya maimaita mini yana kallon rufin ɗaki. Daga ranar bai ƙara ambatar wurin ba, sai dai ya ce aikin nan.

Matsalar ita ce, mutumin bai yarda da aikin da ido ba ya gani ba. Daka ana jin shi, jan ruwa ana ganin guga. Ni kuwa zaune nake a kujera, fuska sake, ina rantsuwa cewa ina yi. Sai ya yanke shawara shi zai riƙa ba da oda. Ya tsaya bayan zana, don kunya ba ta barinsa ya dube ni, ya daka tsawa irin ta soja. In ya ce gardabu, wato a ƙame, in matse, in ya ce repo, wato a huta, in saki. Wani lokaci baƙo ya yi sallama a tsakiya, ya manta da ni, su shiga gaisuwa: gajiya, iyali, ruwan sama a garin Dumega, tsadar gero. Ina nan a matse ina tsine wa baƙon a zuci, har sai Allah ya tuna masa da repo.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kowa kunnensa a tsaye, ana ta raɗe-raɗin masu shigowa da bindiga ta iyaka. Wani ya kai magana bariki cewa tsohon soja yana horar da mutane a cikin gida. Wata safiya muna cikin aikin nan sai ga gardi, wato dogarin bariki, yaro sa'an ɗana na fari, da bindiga a kafaɗa. Ya leƙa ɗaki, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya hau rumbu ya zura kai har jar hularsa ta faɗa cikin gero. Bai sami kowa ba sai ni a kujera.

"Baba, wa kaka yi ma gardabu?" in ji shi.

Maigidana ya dubi ƙasa, ya dubi sama. Sai ya miƙa hannuwansa biyu ya ce, "Ɗana, mu tahi bariki."

Wato ya gwammace kaso da ya faɗi sunan wurin. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na fara jin sauƙi, kuma na san in babu tsawarsa lalaci zai ci ni. Na buɗe baki, amma ni ma kunyar yaron ta riƙe mini harshe.

Sai tsohuwar maƙwabciyarmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta leƙo ta saman zana.

"Yaro, sake shi. Mu na sojan."

Bayanta kawunan mata ne jere. Ashe tun da ƙanwata, wadda na faɗa wa sirrin, ta kai labarin bakin rijiya, duk wadda haihuwa ta sassauta a unguwar take bin odar daga gidanta. Na sha lura cewa daka yana tsayawa in ya ce gardabu, na ɗauka girmamawa ce. Tsohuwar ta yi wa gardi bayani dalla-dalla, ta kira komai da sunansa. Yaron ya karkaɗe hularsa ya nufi ƙofa. Can ya juyo, ya tambaya a hankali ko matan wata unguwa za su iya zuwa, don uwarsa.

Da maigidana ya gane wurin da yake wa oda a jikin matan unguwa, sai ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Sai da matan suka aiko da goro suna roƙo. Ya koma bakin aiki yana fuskantar bangon rumbu, ya kuma ƙara murya saboda na nesa.

Bayan kaka aka yi suna a gidan tsohuwar. Na yi ta maza na je, na zauna a gefen sabuwar tabarma. Tsohuwar ta tashi tana kwaikwayon gardi da kansa cikin rumbu. Na cije leɓe, na kasa. Na yi dariya har da hawaye, har da riƙe ciki. Da na miƙe na shafa tabarmar da tafin hannu. A bushe take.

Na iske maigidana zaune a ƙofar gida. Tun fitata yake wurin, kuma na san ba zai iya tambaya ba.

"Maigida," na ce, "na yi dariya bisa tabarmar mutane, na bas ta yadda na iske ta."

Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko dariya yake ko kuka ba. Ni dai kuka na yi.