Harawar Jakin Kawu a Gindin Kuɓewata

Ina sauka daga mota ban shiga gida ba, na miƙe lambu ina tsine wa tur'a, magudanar ban ruwan lambunmu, da ta ƙafe tun ina birnin Madani wajen jinyar Inna. Kuɓewar nan ita ce miyar gidanmu bana.

Kafin in tafi na sassara karan dawa da busassun ganye, na lulluɓe gindinta yadda na karanta, don ƙasa ta riƙe danshi. Kawu Haruna ya ce shara ce, ɗakin kunamu nake ginawa. Ni ma ban raga mai ba.

Sai ga kuɓewa tsaye, koriya shar. Lulluɓin ya fi wanda na bari kauri, har da harawar gyaɗa. Na tura hannu ƙarƙashi, na ji sanyi.

Kawu na zaune gefe.

"Kawu, ba ku kunka ce shara ce ba?"

"Har gobe shara ce, ya walad, kai yaro. Iska ta kwashe taka, na zuba abincin jakina. Kai za ka ba shi haƙuri, ni ya daina kallona."



Gobe zan yanko wa jakin ciyawa. Ku fa, wa ya taɓa rufa muku asiri yana kan zaginku?