Ƙanzon Ɗan Ja

Har yau idan na ji ƙamshin ƙanzon tuwo yana tashi daga gindin tukunya, sai na tuna ranar da aka zo kashe karenmu. Ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi.

Ɗan Ja muke ce masa, shi ke gadin awakinmu a bayan gida, can Bukkuyum. Inna ba ta yarda ya taka tsakar gida. "Fita, najasa!" take cewa, ta bi shi da tsintsiya. Amma kullum da safe ita ce ke kankare masa ƙanzo ta miƙa ta saman katanga.

Wani hutu yayana, mai karatun likitan dabbobi, ya dawo da wata allura mai kauri. A cikinta akwai ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Maƙwabta na kallo ya tsira wa Ɗan Ja ita a doron wuya, karen ya yi ƙara ya ruga ƙarƙashin rumbu. "Yanzu ko ya ɓata za a gane namu ne," in ji Yaya yana ta fara'a. Ni kam abin ya burge ni, sai nake ganin kamar an ɓoye masa sunanmu a jiki.

Lokacin kuwa hankalin kowa a tashe yake, ana tsoron masu kai wa 'yan bindiga labari. Kafin mako ya zagayo, zance ya juye: wai karen gidanmu na ɗauke da na'urar da ke faɗin inda mutane suke. Wata safiya sai ga maza a ƙofar gida da sanduna. Yaya ya yi bayani har muryarsa ta dushe, cewa lamba ce kawai a ciki, sai an ɗora wata na'ura a kai take fitowa.

"To ina na'urar?" wani dattijo ya tambaya.

Ba shi da ita. Suka ce ya ciro abin. Ya lalube wuyan karen, ya lalube kafaɗa, abin ya gusa, bai same shi ba. Ɗan Ja kuwa sai kaɗa musu wutsiya yake. Na riƙe ƙyauren gida ina leƙensu.

Sai ga Inna ta fito da ludayi a hannu. "Mi wanga bawan Allah ya yi muku? Shi ka kwana waje ku kuna barci! In tsoronai kuke, ku bar min shi, yau zai bar gari."

Da la'asar ta damƙa igiyarsa ga ƙawarta, wata mai kawo mana nono daga Gwashi. Ya tafi yana waiwaye, ni ina kuka, Inna tana cewa, "Huta roro, mun rabu da ƙazanta."

Ranar na gane cewa abu mai amfani ma yakan zama haɗari in ya zo wa mutane cikin tsoro, ba a fahimtar da su ba. Sai bayan na yi aure mai nonon ta gaya min cewa duk ranar kasuwa Inna kan ƙulla ƙanzo a leda ta cusa mata cikin ƙwarya, ta ce kada yara su ji. Haka ta yi har Ɗan Ja ya tsufa ya mutu.