Bakin da Mai Hoto Ya Ƙara

A shekarun da Yauri take cikin Jihar Sakkwato, ina koyar da kimiyya a Yelwa, wasu ƙwari suka addabi ƙauyenmu na bakin tafki a ƙasar Ngaski. Da magariba sai su taso daga ruwa kamar hayaƙin girki, su cika fitila, su faɗa cikin miya. Dattawa suka ce sauro ne mai kawo zazzaɓi, a zuba maganin ƙwari na gona a ruwan bayan gari. Nan kuwa Kawu, ƙanen Inna, yake kamun kifi, da shi yake ciyar da gidansa da namu.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ba sa cizo, bakinsu guntu ne, kifi ma da tsutsarsu yake rayuwa. Suka ce surutun boko ne, sai in masu binciken kifi na ƙetaren tafki sun faɗa, kuma Kawu ya ji da kunnensa. Ƙwarin ba sa jure tafiya, kafin ka kai su sun dagargaje, don haka sai hoto.

Na kai wa wani mai hoto na bakin kasuwa guda ɗaya a kan farar takarda, da madubin ƙara girma na makaranta. Mutumin nan kowa ya san hannunsa. In ka zauna gabansa da ƙuraje, za ka karɓi hotonka fuska sumul, gira ta sha baƙi. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Jirgin ruwa na shirin tashi na karɓi ambulan, ko buɗewa ban yi ba.

Jami'in binciken ya ce a hoto baki ake fara dubawa, sannan jijiyoyin fiffike su nuna wane iri ne. Ya zaro hoton, ya ɗan duba.

"Malam, ai wannan sauro ne. Dubi tsinin bakinsa."

Na leƙa. Ga baki nan zaƙaƙam kamar allura. Na rantse ba haka na kai shi ba, jami'in ya ce shi abin da ya gani zai faɗa. Kawu da muka ƙetaro tare yana tsaye yana ji, kuma ba mutumin da zai ɓoye wa dattawa abin da ya ji ba ne.

Da na koma wa mai hoto raina a ɓace, ko a jikinsa.

"Na ga sauronka ba baki, shi ne na gyara maka da fensir. Ka taɓa ganin na sallami aiki da nakasa?"

Kafin in sake wani hoton an zuba maganin. Kifi ya taso ciki sama, har bakin gaɓa. Kawu ya naɗe komarsa ya rataye a tsamiya. Da magariba ƙwarin suka taso daga tsakiyar tafki yadda suka saba. Inna ta zauna tana tsame su daga miyar kuka, miyar da ko kan kifi babu a ciki.